Awon Tagar Falonmu

Ranar Litinin, tun kafin a ɗaga ƙofar ƙarfe, Manaja ya tara mu a ɗakin ma'aikata ya ce bana ba za a buɗe kanti ranar gida ba. Haka muke kiran babban hutun shekara a wurin aikinmu: ranar da kowa ke kwashe iyalinsa ya nufi gidan iyaye a ci a sha a yi hira, ban da mu da ke tsaye bayan kanta muna jiran masu mantuwa. Ya ce masu kanti sun gaji da wasiƙu da takardun koke, sun ce a gwada rufewa shekara ɗaya a gani ko sama za ta faɗo.

Doguwa mai sashen tukwane ta daka tsalle har sai da ɗankwalinta ya zame.

"Shekara shida rabona da in ci abincin ranar nan da zafinsa," in ji ta. "Kullum sai ƙarshen tukunya nake tararwa."

Mai sashen fitilu ya ce shi kam an cuce shi, gara masa tsayuwar kanti da surutun surukansa. Aka yi masa ca. Ni na tafa hannu sau biyu don kada a ce ban tafa ba, na sulale na koma sashena.

Ni ce mai labule. Shekara goma sha huɗu ina warware bandir ina yanka yadi, kuma a kanti Almakashi suke kirana, wai ba don na hannuna kaɗai ba. Ban damu ba, bakina nawa ne. Abin da ya fi ba ni haushi a aikin nan shi ne masu zuwa da igiya. Mutum ya auna tagarsa da igiya, ya ƙulla ƙulli nan, ya ƙulla can, ya zo ya shimfiɗa min a kan tebur yana jiran in yaba masa. Kuma kuskurensu ɗaya ne kullum: gilashin kawai suke aunawa, ba sa barin rara a gefe, ba sa barin na ninki, sai a ɗinka labule ya fito kamar rigar aro. Duk wanda ya zo min da igiya sai ya sha karatu kafin in ɗauki almakashi.

A safiyar nan ma wata mata ta zo da tata igiyar. Ban yi mata karatun ba. Na auna, na yanka, na rage mata rabin mita cif, abin da ban taɓa yi ba tun ina sabuwar hannu. Sai da na sake yanka mata wani.

Da lokacin hutun rana ya yi na buɗe lokata, akwatin ƙarfen da nake ajiye kayana, na ɗauko waya. Dokar kanti ce, waya a loka take zama muddin ana bakin aiki. Kira biyar, duk na Yaya. Kafin in mayar da ita ma ta sake ɗaukar ƙara.

"Auta! Kin ji? Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Yaya."

"Shekara tara! Na ce miki sai sun durƙusa. Mutum dubu uku da wani abu suka sa hannu a takardar koke ta ƙarshen nan. Mama tana nan tana hawaye. Ranar Alhamis ƙarfe goma nake son ganinki, kada ki kawo komai, kanki kawai za ki kawo."

Na ce to. Me zan ce?

Yayana malamin makaranta ne, kuma in ya riƙe abu sai dai hannunsa ya cire. Shekara tara ke nan yana yaƙi da kantinmu. Ya rubuta wa masu kanti, ya rubuta wa jaridu, ya tsaya a bakin titi ranakun Asabar da allo da biro yana tare mutane su sa hannu. Ko cokali ba ya yarda a saya a wurinmu. Duk wannan saboda ni yake yi, kuma duk a kan ƙarya aka gina shi.

Ga yadda abin ya faru. A shekarar da Baba ya rasu, sunana ya fito a jadawalin masu aikin ranar gida. Na faɗa a gida, ban ɗauke shi wani abu ba. Ashe Baba ya ƙullace shi. Ya sa kayansa masu kyau, ya zo kanti ba da sanina ba, ya nemi ganin manajan lokacin, ya roƙe shi a sakar masa autarsa rana ɗaya. Manajan mutumin kirki ne, ya ɗauki magogi ya goge sunana, don da fensir ake rubuta jadawalin. Kafin yamma labari ya zaga kanti. Duk inda na gifta sai a ce, "Ga 'yar Baba, a kawo mata madara." Ina da shekara talatin da ɗaya a lokacin, kuma ana shirin ba ni shugabancin sashe.

Na je gida na sauke masa kwandon masifa a tsakar falo. Na ce ya kunyata ni, na ce ya mayar da ni yarinyar makaranta, na faɗi wasu abubuwan da har yau ba na iya maimaita su ko ni kaɗai. Shi kuwa sai murza gilashin idonsa yake yi da gefen riga. Washegari na je bayan ƙofar ɗakin ma'aikata inda ake manna jadawali, na mayar da sunana a gurbin da aka goge. Da biro na rubuta, don kada wani ya sake gogewa.

Ranar gida ina kanti ina yanka yadi, wayata tana loka. Baba ya yanke jiki ya faɗi a falo bayan cin abinci. Ƙarfe huɗu ya cika a asibiti. Ni ban buɗe loka ba sai ƙarfe shida, na tarar da kira goma sha huɗu. Da na isa asibitin da rigar aikina, Yaya ya rungume ni yana kuka yana cewa, "Azzalumai! Sun hana ta ganin ubanta!" Na buɗe baki na rufe. Shi ke nan. Ban ƙirƙiri ƙarya ba, miƙo min aka yi na karɓa da hannu biyu.

Tun daga nan ba a ƙara ranar gida da ni ba. Duk shekara ni ce ta farko da ke rubuta suna a jadawali, in je gida in ce sun sake saka ni. A kanti ana ganin kirki ne, ana cewa Almakashi baki ne kawai, zuciyarta fara ce. Ba kirki ba ne. Lissafina shi ne, in na zo sau ɗaya tak, to ya tabbata waccan ranar ma da na so da na zo. Ina zuwa wurin Mama a sauran ranaku, amma ta ƙofar baya nake shiga, a kicin muke zama. Falon nan ban ƙara zama a cikinsa ba. Labulen tagarsa ma tsohon nan ne na zamanin Baba, rana ta cinye shi har ana hango titi ta jikinsa. Matar Yaya takan tsokane ni ta ce a gidan mai sayar da labule ne kaɗai ake rataya tsumma. Nakan yi dariya in canza zance.

Yanzu ga shi Yaya ya yi min gata, ya rushe katangar da nake fakewa a bayanta.

Ranar Talata na sami Manaja a ofis.

"Ranka ya daɗe, tunda za a rufe, me zai hana in zo in gyara ma'ajiyar yadi? Ta hargitse, kuma ba a samun sarari sai irin ranar nan."

Ya ɗago ya dube ni ta saman gilashi. "Ke da ɗan'uwanki ya hana mu barci shekara da shekaru? In aka gan ki a nan ranar Alhamis, hotona za ki gani a jarida. Je ki huta, baiwar Allah. Ko kin manta yadda ake yi?"

Ranar Laraba kanti ya cika ya batse, kowa yana saye kamar ba za a sake buɗewa ba har abada. Na ji daɗin cunkoson, don ba ya barin mutum ya yi tunani. Amma da aka sauke ƙofa Doguwa ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana rungumewa, ta zo kaina ta ce, "Ke kin fi kowa cancanta. Ki gaishe min da Mama." Na ji kamar in kwaɗa mata mari, ita kuwa ba ta yi min komai ba.

Alhamis na farka tun kafin agogo ya buga. Na share ɗakin da na share jiya. Na fito da kaya kala uku na shimfiɗa a gado, na mayar da su. Na dafa shayi ya huce ban sha ba. Na kasa zaune na kasa tsaye. Ta taga ina hango maƙwabta suna loda yara da kuloli a mota, uwar tana ƙirga kawuna, uban yana danna oda. Ƙarfe tara da rabi na tsinci kaina a gaban madubi sanye da rigar aiki, tef ɗin awo a aljihu, kamar kowace shekara. Na ɗauki waya na kira Yaya kafin zuciyata ta hana ni.

"Yaya, an samu matsala. Motar kaya ta iso, sun ce dole wani ya je ya karɓa."



"Yau?"

"Ba daɗewa zan yi ba. In na gama da wuri..."

"Masu kanti sun sa hannu, Auta. Takardar tana hannuna. Wallahi yau sai an yi ta ta ƙare. Ga ni nan zuwa!"

Ya kashe. Na tsaya da waya a hannu ina kallonta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na fita ban ko kulle taga ba.

Ban taɓa ganin titinmu haka ba. Babu motar haya ko ɗaya, sai da na taka da ƙafa, na wuce shagon magani a rufe, shagon takalma a rufe, ko mai gyaran waya ya naɗe rumfarsa. Ina tafe ina shirya abin da zan faɗa wa Yaya: motar ta zo ta koma, direban ya yi kuskuren rana, Manaja ya kira ya fasa. Kowacce na ɗauka sai in ga ƙafarta ɗaya ce.

A ƙofar kanti na tarar da Maigadi zaune a kujerarsa ta roba, rediyo a cinya. Dattijo ne, ya girmi ginin ma a wurin.

"A'a, Almakashi? Ba a gaya miki ba?"

"An gaya min. Kai fa, Baba Maigadi, ba ka tafi gida ba?"

"Kanti aka rufe, ba ni aka rufe ba. Ɗan'uwanki ya manta da mu a wasiƙarsa." Ya yi dariya. "Ai yau aikina ya ninka. Duba can."

Mutane ne ke zuwa ɗai-ɗai suna karanta takardar da aka manna a ƙofa. Wani mutum ya sauko daga mota yana huci, wai baƙi goma sha biyu ne a gidansa kujera takwas, wane irin kanti ne zai rufe a ranar da aka fi bukatarsa? Wata mata ta ce murfin tukunyarta ya fashe, ta leƙa ta ramin ƙofa kamar tukwanen za su tausaya mata. Da suka ga rigata sai suka yo kaina.

"Yauwa, ga ma'aikaciya! Buɗe mana, minti biyar kawai."

"Malam, ka ga makulli a hannuna? Baƙinka su zauna a tabarma, ba a kansu aka fara ba."

Ya tafi yana cewa zai kai ƙara. Na ce ya bi layi.

Da wuri ya lafa na matsa kusa da Maigadi. "Baba Maigadi, ka tafi gida wurin jikokinka. Ni zan zauna maka har yamma."

Ya rage muryar rediyo ya ƙare min kallo, daga takalmi har ɗankwali.

"'Yata, shekara ashirin ina gadi. Na san mai jiran wani, na san mai gudun wani. Kujerata ba maɓoya ba ce."

Na bar masa wurin. Na taka zuwa ƙarshen gini na dawo, na sake takawa. Na ƙirga fale-falen dakalin, arba'in da biyu ne. Duk motar da ta shawo kwana sai gabana ya faɗi. Sau biyu na yanke shawarar in gudu gida in kashe waya, sau biyu na dawo, don in Yaya ya zo bai same ni ba Maigadi zai huce a kansa.

Motar da ta tsaya a ƙarshe ba ta Yaya ba ce. Tasi ce, kuma Mama ce ta fito daga baya, a hankali, ƙafa ɗaya sannan ɗayar, tana dafe da murfin mota. Mama da ba ta zuwa ko'ina ita kaɗai tun da gwiwa ta kama ta. Na ruga na tare ta.

"Mama! Ina Yaya? Ya aka yi ya bar ki..."

"Na karɓe makullin motarsa na sa a jakata. Na ce ya zauna ya kula min da tukunya." Ta ce wa direban ya jira. Ta dubi ƙofar ƙarfe a sauke, ta dubi filin da babu mota ko ɗaya, sannan ta dube ni. "Ina motar kayan?"

Maigadi ya kawo mata kujerarsa, ya ɗauki rediyonsa ya koma can nesa. Ni na tsuguna a kan dakali.

"Nan na zauna," in ji Mama, tana nuna gefen ƙofa da haɓa. "A lokacin akwai benci a wurin. Babanku ya shiga, ya bar min sandarsa, wai kada manaja ya ga tsoho ya ce tausayi ya zo nema. Da ya fito yana ta murmushi kamar an ba shi kyauta. Ya ce, 'A gabana ya goge sunan.'"

Duk tsawon shekarun nan na ɗauka Baba shi kaɗai ya zo, kuma ranar da na yi masa rashin kunya Mama tana unguwa. Na ɗauka maganar ta bi shi kabari.

"Kin sani," na ce. "Tun ranar kin sani."

"Na sani mana. Wa kike tsammani ya kwana yana jin labarin abin da kika faɗa masa?"

"Me ya sa ba ki taɓa..."

"A asibiti zan faɗa? Yayanki yana neman wanda zai shaƙe, gawar ubanku ba ta huce ba? Na ce gara ya zagi gini, gini ba ya jin ciwo. Na ce nan da shekara za ki gaji ki zo da kanki. Shekara ta wuce. Na ce to, baɗi." Ta gyara zaman gwiwarta da hannu. "Auta, ke ba ki gaji ba, ni na gaji. Duk shekara in dafa da ke, in zauna ina jin ɗana yana tsine wa mutanen da ba su ci ba ba su sha ba, ina cewa amin. Alhakinsu ma ya ishe ni."

Kuka ya ƙwace min, irin mai muni, da majina da komai, a bakin titi da rigar aiki. Na ce mata ni na kashe shi. Na ce da baƙin cikina ya tafi.

"Kayya, ji min yarinya da girman kai. Ke wace ce da za ki kashe shi? Zuciyarsa ce, likita ya faɗa masa tun shekara biyu kafin nan, shi ya hana a gaya muku." Ta buɗe jakarta tana lalube. "Ya ji zafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Kwana biyu ba ya cin abin kirki. Amma da safiyar ranar, da ya tabbata ba za ki zo ba, sai na gan shi a kan kujera a falo yana fama da taga. Na ce sauko kafin ka karye. Ya ce, 'Tunda ba za ta zo wurin ubanta ba, ai dole ta kula mai saye. In mun ci abinci zan je in sayi labule. In ga ta inda za ta ƙi yi min magana.'"

Ta ciro wani abu ta ɗora min a tafin hannu. Igiya ce ta shanya, fara da ta koma ruwan ƙasa, a naɗe. Ƙulli biyu ne a jikinta.

"A aljihunsa aka same ta."

Ban san lokacin da na zaro tef daga aljihuna ba. Hannu ne kawai ya yi abin da ya saba. Na shimfiɗa igiyar a kan dakali, na danne bakinta da gwiwa, na auna zuwa ƙullin farko, na auna zuwa na biyu. Na san tagar falonmu, a ƙarƙashinta na yi rarrafe. Gilashin kawai ya auna.

"Bai bar rara ba," na ce. "Mama, ko ta yatsa ɗaya bai bari ba. Da ya zo da sai na yi masa faɗa."

"Ai faɗan ya tafi nema."

Na yi dariya ina kuka har sai da Maigadi ya leƙo ya ga ko lafiya. Mama ta bar ni na yi mai isata, sannan ta miƙo min hannu in tashe ta.

"Direban nan yana da iyali shi ma. Za ki shiga, ko in ce wa yayanki har yanzu ana sauke kaya?"

A cikin mota Mama ta ɗora hannu a gwiwata. Da muka isa na nufi ƙofar baya kamar kullum, ta riƙe min gefen riga ta ja ni ta gaba.

Falon ya cika. Matar Yaya tana jera faranti, yara suna ta guje-guje tsakanin kujeru. Yaya yana tsaye a tsakiya da takarda a hannu, da alama tun da Mama ta fita bai zauna ba. Yana ganina da rigar aiki ya ɗaga takardar sama.

"Kun gani ko? Da rigarsu ma suka sa ta fita! Gobe da sassafe zan..."

"Yaya, zauna."

"Ba zan zauna ba. Wannan karon lauya zan..."

"Babu motar kaya. Ni na ƙirƙira." Na ci gaba kafin ya katse ni. "Bara ma ba su saka ni ba, ni na rubuta sunana. Duk shekarun nan ni ce. Ranar da Baba ya rasu sun ba ni hutu, shi da kansa ya je ya roƙa. Na yi fushi da shi na ƙi karɓa. Ba kanti ba ne, Yaya. Ni ce."

Matar Yaya ta ajiye farantin hannunta a hankali, ta kora yara waje. Yaya ya dubi Mama. Mama ba ta kawar da kai ba. Ya dubi takardar hannunsa, ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa, har ta ƙi ninkuwa.

"Wasiƙa sittin da ɗaya," in ji shi, ba da ƙarfi ba. "A rana, a ruwa, ina tare mutane a titi. Akwai wanda ya tofa min yawu."

"Na sani."

"Ba ki sani ba."

Ya juya min baya ya tsaya yana fuskantar bango. Na jira ya yi ihu, na fi son ya yi ihu, bai yi ba. Abinci yana ta hucewa a kan tebur babu wanda ya motsa. Na rasa inda zan sa kaina, na rasa inda zan sa hannuwana, ga igiya a ɗaya ga tef a ɗaya. Sai na jawo kujerar katako zuwa gindin taga na cire takalmi na hau. Ba sabon labule a hannuna, kanti a rufe yake sai gobe, amma ko ba komai zan auna tagar yadda ya kamata.

Kujerar tsohuwa ce, ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta. Ina miƙa hannu zuwa sandar labule ta yi gefe da ni, na dafe bango. Ƙura ta zubo min a fuska. Na sake miƙewa, sai na ji kujerar ta tsaya cak.

Na duba ƙasa. Yaya ne ya riƙe ta da hannu biyu, kansa a sunkuye, takardar tana ƙasa kusa da ƙafarsa. Bai kalle ni ba. Na ja tef daga wannan gefen taga zuwa wancan, na bar rara ta kowane gefe, na auna tsawo har ƙasa, na sake aunawa don idona ba ya gani sosai. Har na gama bai saki kujerar ba.